Kiran Suna

Ƙasar gonarmu ta iso Yamai ran Talata
cikin gwangwanin madara, an toshe bakinsa da tsumma.
Sanda direba ya miƙo mini a tashar Wadata:
"Baba Alhu na gaishe ki.
Ya ce ki ɗauki hoton wannan
yadda aka ɗauki ƙirjinsa a asibitin Tawa.
Damina uku ke nan hatsi na tsayawa iya gwiwa,
ki duba masa inda ke mata ciwo."

Na haye gada da ita a jaka,
Tamaske gaba ɗaya a ƙarƙashin hammatata.

A ɗakin bincike ba a gaggawa.
Na shanya ta a tanda kwana guda,
na daka ta a turmin da bai kai tafin hannu ba,
na tankaɗe har ta fi garin kunu laushi.
Da inna ta ga wannan rariya, da ta yi dariya.
Na matse ta, ta koma faɗin dala biyar,
na rubuta mata lamba a baya,
na kwantar da ita cikin na'ura, na ja murfi.

Hasken da ke ciki, ido bai taɓa ganinsa ba.
Ba ya tono, ba ya tambaya sau biyu.
Taɓa kowa yake a kafaɗa,
kowa kuma dole ya amsa da muryarsa,
kamar kiran suna a lakwal da safe.

Yashi ya fara, da ƙarfi, ai shi ne mai gida.
Ƙarfe ya miƙe zanƙalele a kan allo,
shi da ya rina duwatsun Adar,
ya rina dugaduganmu tun muna yara.
Alli ya amsa daga can ƙasa,
da muryar katantanwar wani teku
da ya kwana bisa garinmu kafin a san mutum.
Tutiya ta ce na'am kamar mai mura.
Dalma ba ta ɗaga murya ba, alhamdu lillahi.

Na nemi fosfor.
Na goge tabarau, na sake nema.
Ga shi can a lungu, ɗan tsini,
bai kai kan ƙayar ƙarangiya ba.

Sai wuta ta ɗauke.
Na zauna cikin duhu, ina jin fanka tana mutuwa,
ina tuna abin da malaminmu ya faɗa tun shekarar farko:
wannan na'ura ba ta jin abu mara nauyi.
Ruwa ya wuce ta, ganye ya wuce ta.
Ba za ta ce ga zufan Kaka Cima ba,
wadda ta jera duwatsu a ka, layi bayan layi,
don kada kwari ya cinye gonar.
Ba za ta ce ga cibiyata ba,
taku bakwai daga gindin gawo.

Bayan isha na kira shi.
"Mi ta ce?"
Na duba takarda, lambobi jere kamar tururuwa.
Na ce, "Baba, ba ciwo ba ne. Yunwa ce.
Abincinta kuwa yana cikin dutse,
a tudun da bai fi tafiyar yini ba,
sai dai a niƙa, a kawo mata."

Ya yi shiru, har na ji akuya a bayansa.
"Ashe irin tamu ce," in ji shi.
"To, in kin gama, ki maido mini ita.
Na bar ramin a buɗe."

Ran Juma'a na ba Sanda gwangwanin,
ya ragu da cokali biyu.
Ƙwayar da na matse tana nan a aljihun tebur,
lamba ɗari huɗu da sha bakwai.
Ban faɗa wa Baba ba.